Sandar Awon Injiniya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ina ɗakin aikin sashenmu ina rarraba wa ɗalibai almakashi da gam, 'yarka ta fari ta kira ni a waya. Ba ta ja magana ba, gadonka ta yi. Ta ce, "Kawu, Baba ya cika." Ciwon ƙirjin nan da ka yi mako uku kana ce masa mura, shi ya zama ajalinka. Na ajiye kwalin almakashin a kan tebur na fita, ban ko nemi izinin kowa ba.

Ga wanda bai san ka ba, kai mai walda ne. Shekara talatin da biyar kana ƙera keken guragu a wata rumfar kwano da ke bayan tashar mota. Shan inna ya cinye maka ƙafafu kana ɗan shekara huɗu, ba ka taɓa zama a aji ba, amma unguwa ta laƙaba maka Injiniya har sunan ya danne na yanka. Ni kuwa ma'aikaci ne a sashen ƙira na jami'a, ni ke riƙe da makullan injuna da na sito. A sashen namu akwai injiniyoyi masu takarda har goma sha ɗaya, kuma babu ɗaya a cikinsu da zan ba keken jikana ya ɗaure masa birki in saki jiki.

A shagon mai sayar da wayar walda muka fara haɗuwa, ka ga ina zaɓen waya ka ce da ni wannan hannun ya san ƙarfe, me yake yi a cikin masu biro? Daga ranar ka mai da ni ƙanenka, 'ya'yanka suka mai da ni kawunsu. Ina rubuta wannan ta'aziyya ne da nauyi biyu a zuciyata. Akwai na rashinka, akwai kuma na wata magana da ka tafi ban faɗa maka ba, maganar sandar awonka. Shekara uku tana hannuna alhali ya kamata tana rumfarka.

Sandar nan bututun ƙarfe ce, tsawonta ya kai kafaɗar mutum, ta yi baƙi saboda mai da gumin hannu. Idan mutum ya zo neman keke, sai ka zaunar da shi a kan wani akwatin katako, 'yarka ta riƙe kan sandar, kai kuma ka ɗauki magagari ka yi tsaga uku: inda kujera za ta tsaya, inda hannu zai kai ga abin juyawa, da inda ƙafa za ta huta. A gefen tsagar sai ka zana alamar mai ita. Mai sayar da kifi kifi ne alamarsa, malamin makaranta zane biyu kamar buɗaɗɗen littafi, tela kuma allura. Ba ka karatu ba ka rubutu, amma mutum sama da ɗari biyu suna jikin sandar nan, kowa da gwargwadon jikinsa. Wanda ke nesa, in kekensa ya tsufa, ba sai ya wahalar da kansa ya zo ba. Ya aiko a ce maka mai kifi na son sabo, ka duba sandar, bayan mako biyu a ɗora masa a mota.

Na sha zama ina kallonka kana aikin da wani zai ce ɓata lokaci ne. Matar nan tela, wadda hannunta na hagu ya fi na dama gajarta, sau uku kana yanke abin juyawar kekenta kana sake haɗawa. A karo na uku ta ce ya yi, ka ce bai yi ba, don ka ga kafaɗarta tana ɗagawa idan ta juya. Ka sa ta yi ta kewaya rumfar har ka gano inda matsalar take, tazarar da ba ta wuce faɗin yatsa ba. Malamin makarantar kuwa ranar da zai fara aiki sarƙar kekensa ta tsinke a hanya, ka sauka daga naka ka ba shi, ka yini a ƙasa kana jan jiki tsakanin injin walda da tebur. Da aka ce maka ai wannan wahala ce, sai ka ce shi yara arba'in ke jiransa, kai kuwa ƙarfe ne ke jiranka, ƙarfe kuma ba ya ƙorafi. Ban taɓa jin ka kira kanka da wani suna na ado ba. Gurgu kake cewa, ka yi dariya, ka ci gaba da aikinka.

Shekara takwas da suka wuce Farfesa, shugaban sashenmu, ya dawo daga wani taro a ƙasar waje da sabon kwas a jaka. Sunan kwas ɗin Tunanin Ƙira da Hulɗa da Al'umma. Mataki biyar ne da shi, an buga su da manyan haruffa an manna a bangon kowane aji: ka ji abin da mutum ke ji, ka gano matsalarsa, ka zubo dabaru, ka yi samfuri, ka gwada. Duk maƙerin kirki haka yake yi tun kafin a haifi kakan Farfesa, sai dai shi bai san yana da suna ba, kuma ba a taɓa biya masa kuɗin jirgi ya je ya koyo shi ba. Kwas ya samu, ɗalibai sun samu, an sayo kwali-kwali na 'yan takardu masu launi da ake mannawa a bango. Abu ɗaya ya rage, ita al'ummar. A taron malamai aka yi ta kallon-kallo, domin babu wanda ya san inda ake samunta. Ni da ba a tambaye ni ba na buɗe baki na ce na san wani mai walda. Wannan shi ne laifina na farko.

Tun daga nan, kowane zangon karatu motar jami'a ta kan tsaya a bakin rumfarka ta zazzage ɗalibai talatin da Dakta guda mai riƙe da allon rubutu. Matakin farko shi ne jin abin da kake ji. Sai a ba kowane ɗalibi keke ya hau na minti biyar, daga rumfa zuwa turken wutar lantarki ya dawo, abokansa na ɗaukar hoto. In ya sauka a kan ƙafafunsa biyu lafiyayyu, a miƙa masa 'yar takarda ruwan ɗorawa ya rubuta yadda ya ji. In ka hango motar tafe kakan ce da 'yarka, "Kashe injin, masu jin abin da nake ji sun iso." Duk da haka ba ka taɓa ɗaure wa yaran fuska ba. Kana ajiye aikin mutane ka nuna musu yadda ake lanƙwasa bututu ba tare da ya karye ba, ka amsa tambayar da ka amsa sau goma a bara. Ka ce yara ba su da laifi, maki suke nema, wanda ya turo su shi ya san abin da yake nema.

Mataki na biyu shi ne a tambaye ka matsalarka. Sau goma aka yi maka wannan tambaya, zango goma a jere, sau goma kana ba da amsa ɗaya: kwatar da ke gaban rumfar ba ta da murfi, duk wanda ya zo a keke sai an ɗaga shi an tsallakar da shi kamar buhu. Sau goma aka rubuta wannan a takarda ruwan hoda aka manna a bangon aji, aka zagaye ta da alƙalami ja, aka tattauna a kanta ƙungiya-ƙungiya. A ƙarshen zango ni nake ɓamɓare takardun in zuba a shara don masu zuwa su sami wuri. Da ka gaji, kai da 'yarka kuka yanka wani tsohon gadon ƙarfe kuka yi wa kwatar murfi a yini ɗaya. Zangon da ya biyo baya ɗalibai suka ɗauki hotonsa, Farfesa ya sa shi a rahotonsa na shekara a matsayin abin da hulɗar jami'a ta zaburar da al'umma ta yi wa kanta.

Samfuran da suka riƙa kawo maka kuwa, Allah ya ba ka ladan haƙurin kallonsu. Akwai na kwali mai lema da wurin cajin waya. Akwai wanda sai da ƙarti uku suka sauke shi daga mota, ka tambaya ko an haɗa da mai turawa. Wanda ya fi ba Farfesa sha'awa shi ne wanda aka ce zai dace da kowa, awo ɗaya ga kowane mai buƙata ta musamman, kamar yadda yake kiranku cikin taushin murya. Ka zagaya keken sau biyu, ka taɓa kujerar, sannan ka ce, "Ranka ya daɗe, ai mutum biyu ba su taɓa gurguncewa iri ɗaya ba." Dakta ya yi sauri ya rubuta maganar. Yanzu haka tana manne a ƙofar ofishin Farfesa, an fassara ta da Turanci, a ƙarƙashinta an rubuta: wani ɗan al'umma.

Shekara uku da suka wuce aka shirya babban baje koli, za a yi baƙi daga waje, masu ba da tallafi. Farfesa da kansa ya zo rumfarka, karo na biyu ke nan a tsawon shekara biyar, ya ce yana son aron sandar awonka na mako guda. Ba shi ka kalla ba, ni ka kalla. Na ce ka ba ni, na tsaya mata, ranar Litinin mai zuwa da hannuna zan dawo da ita. Ka goge ta da tsumma ka miƙo mini, ka ce, "Ƙanena, mutane ne a jiki, ka kula da su."

Da muka isa sashe Farfesa ya ɗaga ta da yatsa biyu don kada ta ɓata masa riga. Ya ce wannan ba za ta shiga akwatin gilas a haka ba, in sa mata injin goge ƙarfe, in bi ta da samfefa har ta yi sumul, sannan in fesa mata fenti launin tambarin jami'a. Na ce masa waɗannan tsage-tsagen awon mutane ne, in aka goge su shi ke nan. Ya dube ni da irin murmushin da yake yi wa ɗalibin da ya yi tambayar shirme, ya ce labarin ake son a nuna wa baƙi, ba tsatsa ba, kuma labarin yana rubuce a kwamfutarsa. Mutumin da ya shekara biyar yana koyar da sauraron jama'a ke nan. Ya kalli littafinka gaba ɗaya ya ga datti.

Ban goge ta ba, Injiniya. A bayan ginin sashe akwai wani tsohon banɗaki da aka daina amfani da shi, bututun da ke kai masa ruwa ya daɗe a yashe a cikin ciyawa. Na yanko daidai tsawon sandarka, na goge shi har ina ganin fuskata, na fesa masa fenti shuɗi. Shi na kai wa Farfesa, ya yaba ƙwarai. Taka kuma na naɗe ta a buhu na tura ta bayan tukwanen iskar walda a sito, inda babu mai leƙawa sai ni. A lokacin ganin kaina nake na yi wayo, har ina ɗokin ranar da zan ba ka labari mu yi dariya.

Zauren baje kolin yana hawa na biyu, na'urar hawa kuma ta shekara ba ta aiki. Babu wanda ya tuna da haka a cikin kwamitin mutum tara da suka shirya taron nuna yadda suke tunanin guragu. Ɗalibai huɗu suka ɗauke ka da kujera suka hau da kai, mai hoto na gaba yana ja da baya yana cewa a ɗan dakata a yi murmushi. Kai da ka yi rayuwarka kana ƙera abin da zai hana a ɗauki mutum kamar kaya, ranar aka ɗauke ka a gaban jama'a ana tafi. Hoton nan shi ne a bangon ƙasidar sashenmu har yau.

Da aka ajiye ka, ka ce a matsar da kai kusa da akwatin gilas ɗin. Ka daɗe kana kallon abin da ke ciki, daga sama har ƙasa. Farfesa na tsaye a kafaɗata da baƙi biyu. Ka ɗago ka ce da ni, "Aiki ya yi kyau, ko tabo babu. Hannunka ne?"

Na ce, "Eh."

Ka gyaɗa kai ka ce, "Dama na san babu mai iya wannan a nan sai kai."

Baƙin suka tambayi abin da ka ce, Farfesa ya fassara musu cewa kana yabon ingancin aikin sashe.

Litinin ta zo ta wuce. A jami'armu ko ƙusa ba ta fita ƙofa sai da takardar fita da kaya mai sa hannun shugaban sashe, kuma a shekarar da ta gabata an kori wani mai shara saboda an kama shi da ƙafar karyayyar kujera. Na zauna na yi lissafi irin na matsoraci. In na nemi takarda, Farfesa zai ga sandar ya gane bututun banɗaki na sa masa a gaban baƙinsa. In na fita da ita a ɓoye aka kama ni, na zama ɓarawon ƙarfe ina saura shekara uku da 'yan watanni in yi ritaya. In kuma na faɗa maka gaskiya, na san halinka, ba ka iya ajiye magana a ciki, washegari za ka murza kekenka har bakin ƙofar jami'a ka ce a fito maka da kayanka. Sai na ce bari ƙura ta lafa, mako mai zuwa. Haka mako mai zuwa ya yi ta zuwa har sau ɗari da hamsin.

Ba ka taɓa tambayata sandar ba, don a ganinka babu abin da ya saura a tambaya. Na ci gaba da zuwa rumfarka, kana amsa gaisuwata, kana sa a ba ni wurin zama. Sai dai daga ranar baje kolin ban sake jin ka ce ƙanena ba, Malam na koma. Farfesa kuwa ko sunansa ba ka ƙara ambata ba, ba da alheri ba, ba da sharri ba. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, ni na rataye ka na kai musu.

Na ga abin da rashin sandar ya jawo da idona. Ka yanko sabon bututu ka fara daga farko, amma mutum ɗari biyu ba sa dawowa a rana ɗaya. Waɗanda a da saƙo kawai suke aikowa, yanzu sai an ɗauko su a mota daga garuruwa, a sauke su, a auna, a mayar. Ita telar nan ta yi aure can nesa, jikinta kuma ya yi nauyi, tafiyar ta gagare ta. Ka yi mata sabon keke da abin da ka tuna, ka kuskure da faɗin yatsa biyu. Bayan wata ɗaya aka aiko maka cewa kafaɗarta ta kumbura, ta ajiye keken, ta ajiye ɗinkin ma na wani lokaci. Ina zaune a kan benci aka kawo maka saƙon. Ka ajiye abin da ke hannunka ka juya mini baya, kana ta goge wani ƙarfe da ba ya buƙatar gogewa. Ni kuma na san inda awonta yake, na san ko da wane buhu aka naɗe shi, na tashi na yi maka sallama na tafi gida.

Zangon da ya biyo baya motar jami'a ta zo kamar kullum. 'Yarka ta fito da abin rufe fuska na walda a goshinta ta ce da direban ya juya. Farfesa bai damu ba, ya sami wasu mata masu saƙa a wata unguwa ya mai da motar can. A rahotonsa ya rubuta cewa an lura da alamun gajiya a ɓangaren al'umma, kuma wannan fage ne da ke buƙatar ƙarin bincike.

Ranar da aka kai ka makwancinka, layin bayan tasha ya cika da kekuna har motoci suka rasa hanya. Duk wanda ka kalla, aikin hannunka ne a ƙarƙashinsa. Daga sashenmu babu wanda ya zo sai ni, domin lokacin ya ci karo da wani taron bita kan hanyoyin kusantar al'umma. Amma kada ka ce sun manta da kai. Washegari aka kafa allo a barandar sashe, aka manna hoton nan naka ana ɗauke da kai a kan matakala, aka ajiye 'yan takardu masu launi da alƙaluma, kowa ya rubuta abin da ya koya daga gare ka. Aka taru a gaban akwatin gilas aka yi shiru na minti ɗaya. Farfesa ya ɗora tafin hannunsa a kan gilashin, muryarsa na rawa, ya ce duk wanda ya kalli wannan ƙarfe zai ji ɗumin hannun mai shi a jikinsa. Dakta ya cire tabarau ya share ido. Ina tsaye a baya ina kallon manyan masana suna zubar wa bututun banɗaki hawaye. An kuma sanar da cewa za a kafa lambar yabo ta shekara-shekara don tunawa da kai, da zarar an binciko cikakken sunanka.

Da yammacin ranar na koma gidanka wurin zaman makoki. Da mutane suka ragu 'yarka ta zo ta durƙusa ta gaishe ni. Ta ce telar ta aiko da ta'aziyya, ta kuma tambaya ko za a iya yi mata keke irin na farkon da Baba ya yi mata, shi kaɗai ne bai taɓa sa mata ciwo ba. Ta ce ba ta san abin da za ta ce mata ba. Na sunkuyar da kai. Sai ta ƙara da cewa, "Kawu, Baba ya bar mini wasiyya a kanka. Ya ce in ka zo in gaishe ka, in ba ka wurin zama, amma kada in ba ka aron ko da allura." Ba da ɗaci ta faɗa ba, saƙo aka ba ta ta isar.

Ranar Alhamis da safe na buɗe sito na jawo buhun daga bayan tukwanen iska. Na warware ta, na saɓa ta a kafaɗa a fili, na bi ta baranda, na wuce allonka da takardunsa, na tura ƙofar ofishin Farfesa. Na riga na shirya abin da zan faɗa, na kuma sallama fanshon. Yana waya. Ya ɗago ya kalli sandar, ya yamutsa fuska, ya rufe bakin wayar da hannu ya ce madalla, dama yana son a kwashe irin wannan tarkacen kafin baƙin lambar yabo su zo. Ya jawo takardar fita da kaya ya rubuta: tarkacen ƙarfe, guda ɗaya. Ya sa hannu ya miƙo mini ya koma wayarsa. Mai gadin ƙofa ma bai buɗe takardar ba, hannu kawai ya ɗaga mini. Abin da na shekara uku ina tsoro bai ɗauki minti biyu ba. Na tsaya a bakin titi da sandar a kafaɗata, na rasa wanda na fi rainawa, mutumin da bai gane ta ba ko ni da na zaci zai gane.

Na tarar da 'yarka ta buɗe rumfa, don akwai kekunan mutane uku da ka bari ba a gama ba. Na jingina sandar a tebur. Ta kashe injin. Ta ɗauke ta, ta bi tsage-tsagen da babban yatsanta tun daga sama, leɓɓanta na motsi: mai kifi, malam, mai gyaran agogo, 'yan biyun bayan asibiti. A tsakiya ta tsaya a kan allura. Can ƙasa kuma akwai wasu tsaga uku da suka kusa shafewa, ba su da alamar kowa, ta ce waɗannan naka ne, awon keken da ka fara yi wa kanka. Na ba ta labarin duka, ban rage komai ba. Ta saurara har na gama, ta goge idonta da bayan hannu ta ce, "Ka makara, Kawu." Ban musa ba. Ta jawo sabon bututu daga ƙarƙashin tebur, ta jera shi kusa da sandar daidai kan allurar, ta ce, "Riƙe mini nan." Na riƙe. A nan na yini.

Na san wannan rubutu zai isa sashenmu, Farfesa zai san abin da ke cikin akwatinsa. Saura mini wata huɗu, ya yi abin da ya ga dama da su. Ba zan yi wa sashen ta'aziyya ba domin babu abin da suka rasa, bututunsu na nan, hotonsu na nan, zango mai zuwa kuma mota za ta tashi.

Ta'aziyyata ga maiɗakinka, wadda ta yi shekara talatin da takwas tana wanke tufafin da tartsatsin walda ya huhhuda, da 'yarka ta fari da ƙannenta huɗu, da jikokinka, da duk wanda ke murza keken da ka ƙera masa daidai jikinsa. Allah ya ba ku haƙurin wannan babban rashi, ya albarkaci abin da ya bari, ya ƙarfafa hannun wadda ta gaji rumfar. Ya Allah ka jiƙan bawanka, ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Yadda ya sauƙaƙa wa bayinka tafiya a duniya, ka sauƙaƙa masa tsallake siraɗi, ka tashe shi a kan ƙafafunsa biyu cikin salihan bayinka. Mu kuma da muka rage ka kyautata namu ƙarshen, ka yafe mana abin da tsoro ya sa muka aikata.

Injiniya, yayana, ka yi mini tambaya a gaban akwatin gilas, na amsa maka da eh. Ƙarya na yi maka, ba hannuna ba ne ya goge mutanenka, babu wanda ya goge su. Sandarka ta koma gida, ko tsaga ɗaya ba ta ɓata ba, kuma keken tela zai tashi a motar ranar Asabar. Allah ya jiƙanka da rahama.